Tsohon keken Faransa: Yadda ake farfaɗo da shi ba tare da an kashe shi a wajen gyara ba

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya zama abin da ake zama a yi wa lissafi a gidan kowane ma'aikaci. Wanda ke zaune a Sabon Garin Zariya yana aiki a Samaru ya san abin da zuwa da dawowa ke ci a albashinsa, haka ma ɗan kasuwar da ke bin wannan hanya ta Kwangila safe da yamma. Wannan ne ya sa keke, wanda da yawa suka jingine a zaure shekara da shekaru, ya sake samun masu waiwayarsa.

A cikin kekunan da ake zaƙulowa daga ɗakunan ajiya, da waɗanda ke zuwa cikin kayan gwanjo daga Turai, akan ci karo da ƙirar Faransa. Wani yana ɗauke da zakin nan da kowa ya sani a goshin mota 504, wani kuma an rubuta masa Motobécane, ko Gitane, ko Mercier. Irin wannan keke yakan shekara arba'in ko hamsin ƙarfensa na nan garau. Abin da ya fi kashe shi shi ne ranar farko da aka kai shi gyara, domin an ƙera shi da ma'aunin da ya saɓa wa wanda masu gyaran kekenmu suka saba da shi. Bambancin kuwa sau da yawa bai wuce kashi 2 cikin 10 na milimita ba. Ido ba ya ganinsa, amma ya isa ya mayar da keke mai daraja kayan 'yan gwangwan.

Zakin da ya hau keke kafin mota

A Arewa idan aka ce Peugeot, ko Fijo kamar yadda muke faɗa, hankali kan tafi ne ga masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara harhaɗa motoci a 1975. Sai dai gidan Peugeot ya girmi mota nesa ba kusa ba. A 1810 iyalan suka buɗe masana'antar sarrafa ƙarfe a gabashin Faransa, suna yin zarto da injin niƙa kofi da makamantansu. A 1882 Armand Peugeot ya fitar da kekensu na farko, irin mai ƙatuwar taya a gaba da 'yar ƙarama a baya. Mota daga baya ta biyo.

Sunan kekunan ya ɗaukaka ne a gasar Tour de France, tseren da ake zagaya ƙasar Faransa duk shekara. Sau 10 mahaya kekunan Peugeot suka lashe ta, ciki har da Roger Pingeon a 1967, da Bernard Thévenet a 1975 da 1977. Gitane ma ta yi zamaninta da Jacques Anquetil da Bernard Hinault. Ita kuwa Motobécane, duk wanda ya san Maraɗi ko Damagaram ya san ƙaramin babur ɗinta Mobylette.

A farkon shekarun 1970 sha'awar keke mai giya 10 ta ɓarke a Amurka da Turai, masana'antun Faransa suka yi ta ƙerawa babu ƙaƙƙautawa. Ragowar wancan zamani ne ke shigo mana yanzu cikin kwantena ta Legas da Kwatano, wasu kuma ta iyakar Nijar.

Inci da milimita

Kasuwancin Sabon Gari ya tashi ne a gefen layin dogo da kamfanonin Turawan Ingila, har unguwar PZ ma daga kamfanin Paterson Zochonis ta samo sunanta. Keken da ya biyo wannan hanya na Ingila ne. Raleigh ta yi sarauta har ta kafa masana'anta a Kano, daga baya Phoenix ta Sin da Hero ta Indiya suka cika kasuwa. Duk waɗannan a kan ma'aunin inci aka gina su, kuma da shi aka cika akwatin kayan aikin mai gyaran keke, tun daga sifana har zuwa kayan sauyi.

Faransawa kuwa da milimita suka yi nasu. Wannan ya shafi kaurin bututun firam, ya kuma shafi tiredi, wato zaren nan da ake sassaƙawa a jikin ƙarfe domin noti ya kama. Sai wajen ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980 suka fara komawa ma'aunin da sauran duniya ke bi, kuma ba rana ɗaya suka koma ba. Don haka shekarar keke kaɗai ba ta isa hujja ba. Aunawa ce hujja.

Wurare 5 da ake yin ɓarna

Na farko shi ne gidan boris na tsakiya, inda hannayen feda ke juyawa. A keken Faransa faɗin kofunan da ke riƙe boris milimita 35 ne, kuma duka biyun ana ɗaure su ne ta dama, yadda hannun agogo ke tafiya. A na Ingila faɗin kusan milimita 34.8 ne, kuma kofin ɓangaren sarƙa bahago ne, ta hagu ake ɗaure shi. Mai gyaran da ya saba da Phoenix idan ya zo kwance wannan kofi sai ya juya shi yadda ya saba, bai san ƙara ɗaurewa yake yi ba. Idan ya ƙi, sai a ɗauko guduma da kurfi. Idan kuma aka tura kofin Ingila a ramin Faransa, zai shiga zagaye biyu ko uku kamar ya dace, sannan ya cije, ya cinye tiredin firam. Akwai ma wasu kekunan Peugeot da Motobécane na wajen 1980 da suka zo da milimita 35 amma kofin ɓangaren sarƙa bahago, saboda haka a lura da kyau kafin a sa ƙarfi.

Na biyu feda. Tiredin fedar Faransa milimita 14 ne, na Ingila kuwa ya ɗara haka da kusan kashi 3 cikin 10. Alamar da ta fi sauƙin ganewa ita ce harafin da aka buga a gindin feda. Na Faransa sukan zo da D a ta dama da G a ta hagu, farkon kalmomin dama da hagu ke nan a Faransanci, na Ingila kuma R da L. A nan akwai sauƙi, domin mai injin sassaƙa ƙarfe da ke da abin yanka tiredi na daidai zai iya faɗaɗa ramin ya karɓi fedar kasuwa. Abin da ba a yi shi ne tura ta da ƙarfin tsiya.

Na uku wuya. Mariƙin da ke ɗauke da kan keke yana shiga bututun fok ne. Na Faransa kaurinsa milimita 22.0, na kasuwa 22.2. Wanda aka buga da guduma ya shiga ba zai sake fita ta daɗi ba, kuma yana iya tsaga bututun. Idan dole sai an sauya, ana goge sabon na alminiyom da sanfefa a hankali, ana gwadawa, har ya zame ciki da kansa. Notin da ke ɗaure boris na wuya shi ma milimita 25 ne, ba 25.4 ba.

Na huɗu firiwil, wato tarin haƙoran sarƙa na tayar baya. Tiredinsa a hob ɗin Faransa milimita 34.7 ne. Na kasuwa zai hau, har mutum ya yi murna, amma ranar da aka taka feda da ƙarfi a kan tudu sai ya kwashe tiredin alminiyom ɗin gaba ɗaya, hob ya tashi aiki.

Na biyar hannun feda. Na ƙarfe ana riƙe shi da 'yar ƙusar nan mai noti, kuma ta Faransa milimita 9 ce, ta Ingila 9.5. Na alminiyom kuwa da wani abin zarewa mai tiredi ake ciro shi. Wanda ake samu ko'ina milimita 22 ne, alhali tsohon Stronglight yana buƙatar 23.35, TA kuma 23. Aka yi amfani da wanda bai dace ba, tiredin ya tafi, hannun ya maƙale.

Darasin duka biyar ɗin ɗaya ne: duk abin da bai shiga da yatsu ba a zagayen farko, kada a sa masa sifana.

Taya: a karanta lamba, kada a dogara da suna

Sunan taya yana ruɗarwa. Ta Phoenix da Raleigh da ake kira 28, faɗin rim ɗinta milimita 635 ne. Ta 27 kuwa 630 ce. Wadda Faransawa ke kira 700C, wadda a wasu ƙasashen ita ma 28 ake ce mata, 622 ce. Akwai kuma 650B mai milimita 584 da ake samu a kekunan Faransa na zirga-zirgar gari, wadda mai shago zai iya kira 26, alhali 26 ta keken hawan dutse 559 ce, ta tsohon keken Ingila kuma 590. Babu wadda ke zama a gurbin wata. A jikin yawancin tayoyi akwai lambobi biyu da aka raba da ɗan layi, kamar 32-630. Ta biyun ita ce faɗin rim, kuma ita za a rubuta a takarda a tafi da ita kasuwa.

Bawul ma haka. Siririn nan mai ɗan noti a kai, wanda ake kira Presta, famfon mai faci ba ya kama shi sai da ɗan mahaɗi na tagulla. Sayen mahaɗin a ajiye a aljihu ya fi huda siririn rim.

Kafin a biya kuɗi

Firam shi ne keke, sauran duk ana iya nemowa. A tsaya a gaba a dubi fok: idan ya lanƙwashe baya, keken ya taɓa karo. A shafa ƙarƙashin bututun biyu da ke haɗuwa da wuya. Ƙullutu ko tsagewar fenti a wurin alamar karo ce, kuma irin wannan firam barinsa ya fi. A sassauta noti a ga ko sandar sirdi da mariƙin kai suna motsi, domin alminiyom da ya shekara 30 a cikin ƙarfe ba giris yakan manne kamar an yi masa walda. Tsatsar sama ba komai ba ce. Wadda ta ci rami, musamman a ƙarƙashin gidan boris na tsakiya, ita ce abin tsoro.

Sannan a san wane iri ne. Peugeot PX-10, wanda shi ne na tsere, yana da tambarin bututun Reynolds 531, da hannun feda na alminiyom, da farin ƙarfe mai sheƙi a ƙarshen fok da kuma ƙafafun baya. UO-8 da 'yan uwansa na talakawa sun fi nauyi, rim ɗinsu da hannun fedarsu na ƙarfe ne. Dukansu suna hawuwa, amma kuɗinsu ba ɗaya ba ne, kuma bai kamata a sayi na biyun da kuɗin na farko ba. Hob ɗin Normandy da Maillard sukan zo da lambar mako da shekarar da aka ƙera su, abin da ke taimakawa wajen ƙiyasta shekarun keken. A ƙarshe, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar firam, kuma a yi ciniki gaban shaida. Keke na cikin abubuwan da aka fi sacewa.

Wanki, giris da fenti

Kafin a kwance komai, a ɗauki hoton kowane ɓangare da waya, sannan a tanadi gwangwanaye ko leda a riƙa zuba kayan kowane wuri daban. Ɗan noti guda na birkin Mafac idan ya faɗa cikin ƙasa a bakin titi, ba a shagon kusa za a same shi ba. Duk abin da ya cije a ɗiga masa mai a bar shi ya kwana. Haƙuri a nan ya fi guduma arha.

Kananzir da tsohon buroshin haƙori sun isa wanke daskararren giris. Tsatsar da ke kan farin ƙarfe tana fita idan aka goga ta da takardar alminiyom da aka jiƙa da ruwa. Sanfefa kuwa tana kashe sheƙin har abada. Abin farin ciki shi ne ƙwayoyin boris, ko a keken Faransa, da inci ake auna su, don haka ana samunsu a Sabon Gari. Na tsakiya da na hob ɗin baya 1/4 ne, na hob ɗin gaba 3/16, na wuya kuma galibi 5/32. A zubar da tsofaffin a sa sababbi, amma a riƙe kofunan asali muddin ba su yi rami ba. Kofin ɓangaren sarƙa na Faransa yana da halin kwance kansa a kan tafiya, saboda haka a ɗaure shi tamau. Idan lafiyarsa ƙalau, ma fi kyau a wanke shi a inda yake, a bar shi.

Batun fenti shi ne inda ra'ayi ke rabuwa. Mu a nan mun saba ganin sabon fenti a matsayin gyara. A wajen masu tara tsofaffin kekuna kuwa, fentin asali da tambarinsa, ko da ya koɗe, ya fi sabon feshi daraja. Wankewa da sabulu, da taɓa wuraren da suka ƙuje da ɗan fenti mai kama, da shafa man goge mota, sun wadatar. Haka nan a nisanta firam ɗin Reynolds da waldar lantarki ta bakin hanya. Bututunsa siriri ne ƙwarai, da tagulla aka haɗa shi, wutar walda kuwa huda shi take yi.

Simplex, Mafac da Idéale

Abin da ya sa ake nanata a riƙe kayan asali shi ne yawancin kamfanonin da suka yi su sun shuɗe. Simplex, wanda Lucien Juy ya kafa a birnin Dijon, da Mafac mai birki, duk sun rufe. Huret ya narke cikin kamfanin Sachs na Jamus, wanda shi ma SRAM ta Amurka ta saye sashen kekensa a 1997.

Tun farkon shekarun 1960 Simplex ya riƙa yin abin sauya giya da wata baƙar roba mai suna Delrin. Ba ta da nauyi, amma tsufa da zafin rana suna sa ta tsage, musamman mariƙin na gaba. A duba ta da kyau, kuma kada a ɗaure notinta fiye da kima. Sarƙar da ta dace da giya ita ce siririya mai 3/32. Ta Phoenix mai 1/8 ta yi kauri, ba za ta bi tsakanin haƙora ba.

Birkin Mafac Racer har yau yana cikin masu kamawa da kyau idan aka sa masa sabuwar roba da sabuwar waya. Ƙarar da aka san shi da ita tana raguwa idan aka karkata robar yadda gabanta zai riga bayanta taɓa rim.

Sirdin fata na Idéale kuwa hunturu ne abokin gabarsa. Iskar Disamba da Janairu tana busar da fata har ta tsattsage. A shafa masa man fata kaɗan ta ƙasa, a bar shi ya sha, kada a jiƙa shi da baƙin mai, kada kuma a ja notin gabansa da yawa. Idan fatar ta mutu, ƙarfen ƙasan yana nan da amfaninsa. Garin da ke da dukawa, ga kuma cibiyar nazarin kimiyyar fata ta NILEST a Samaru, bai kamata a jefar da sirdi a cikinsa don fata ta yage ba.

Inda tsaro ya fi tarihi

Akwai abubuwan da ba a yi musu kara. Taya da tib da robar birki da wayoyi duk a sauya su, komai kyan da suka nuna. Mariƙin kai mai tambarin AVA, wanda ya zo a kan kekunan Faransa masu yawa na shekarun 1970, ya yi ƙaurin suna wajen tsagewa. A zare shi a duba ƙasansa, idan an ga ko da siririn layi ne a ajiye shi. Karyewar kan keke a tsakiyar manyan motocin hanyar Sakkwato ba abin da ake gwadawa ba ne.

Rim na ƙarfe ma yana da aibi: idan ruwa ya taɓa shi, birki ba ya kamawa sai an yi tafiya mai nisa. Wanda zai hau kekensa da damina ya nemi rim na alminiyom mai faɗi ɗaya da na asali, a ɗaura masa a kan tsohon hob. Duk abin da aka cire a zuba a kwali a ajiye. Ranar sayarwa, wannan kwali kuɗi ne.

Na hawa ko na ajiya?

Tun kafin a kashe ko sisi ya kamata mai keke ya yanke wannan shawara. Idan na zuwa aiki ne, daga Hayin Dogo zuwa cikin Jami'ar Ahmadu Bello, ko daga Palladan zuwa kasuwar Sabon Gari, to a sa masa taya mai ɗan faɗi da kariya da ƙararrawa da fitila, a bar sauran yadda suke. Idan kuwa aka dace da PX-10 ko makamancinsa da kayansa cikakku, a san cewa yana da masu nema a waje. A Italiya tun 1997 ake gudanar da taron L'Eroica, inda ake hawa kekunan tsere na 1987 ko kafin nan, kuma irin wannan taro ya bazu zuwa wasu ƙasashe. Shi ya sa abin da ɗan gwangwan zai auna a sikeli ya biya kuɗin kilo, wani a Turai yake nemansa ido rufe a intanet.

Ga masu gyara kuma, akwai abin dubawa. Ma'aunin kauri irin na masu sassaƙa ƙarfe, da 'yar takarda mai ɗauke da lambobin da aka jero a sama, ba su kai kuɗin taya biyu ba. Mai gyaran da ya mallake su a Samaru ko Sabon Gari, ya kuma riƙa tara kofuna da fedoji da notocin Faransa daga kekunan da suka mutu, ya samu sana'ar da maƙwabcinsa ba ya iyawa. Mai keke kuma, idan ya kai gyara, ya faɗa tun daga bakin rumfa cewa na Faransa ne, ya roƙi a auna kafin a kwance, kuma ya tsaya a wurin har a gama da gidan boris na tsakiya.